Ɗana Ya Shige Ɗaki da Waya, Ko Laifin Fim Ne?

TAMBAYA: Ni uwa ce a Kafanchan. Ɗana na fari ya gama NCE shekara biyu ke nan, aiki bai samu ba. Da can gidanmu ba ya rabo da abokansa, yanzu kuwa sai ya wuni a ɗaki yana kallo a waya, abinci ma sai an miƙa masa. Ƙanwarsa ta nuna mini wani fim na Turawa, Adolescence, wanda a ciki yaro ya kashe 'yar makarantarsu. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Fina-finan nan ne suka mayar da shi haka? In ƙwace wayar?

AMSA: Mama, Allah ya sanyaya miki zuciya. Kada ki ƙwace wayar, kuma ki daina auna ɗanki da yaron cikin fim ɗin.

Adolescence shiri ne mai kashi huɗu da Netflix ta fitar a 2025, labarin yaro ɗan shekara 13 a Ingila, mai ɗakinsa shi kaɗai da kwamfutarsa. An yi shi da gwaninta, amma ya bi hanyar da masu fim suka saba: in za su nuna matashi cikin kaɗaici, sai an ga jini a ƙarshe, domin shiru ba ya riƙe mai kallo. Mafi yawan masu fama da kaɗaici ba su taɓa cutar da kowa ba, su ne ma ake cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2025 mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da shi, kuma ya fi tsanani ga masu tasowa.

Namu na gida kuma tasu matsalar daban. A Kannywood, wanda ke cikin kaɗaici yawanci saurayi ne da budurwa ta juya wa baya, ko maraya a hannun kishiyar uwa. Za a nuno shi ya yi tagumi, a sako waƙa mai taushi, daga baya aure ko dukiya ta zo, a tashi. Ina yaba wa Daɗin Kowa na tashar Arewa24, don ya nuna Musulmi da Kirista suna maƙwabtaka a gari ɗaya, amma a can ma kowa na da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Abin da nake ƙishin gani a allo shi ne saurayin da gidansu cike yake da mutane, kowa na ƙaunarsa, amma ya daina fita saboda tambaya guda da ke jiransa a bakin layi: “To, yanzu me ake ciki?” Ya ba da amsa sau goma, ta goma sha ɗaya sai ya gwammace katifa. Ga kunyar zama a wurin mai shayi ba ko sisi, abokin da kuka yi aji ɗaya shi ke biya maka kullum.

Ki duba kuma inda ya tashi. Yana yaro aka yi rikicin bayan zaɓen 2011, kasuwar Kafanchan ta ƙone, unguwanni suka ƙara rabewa. A 2020, ana fama da kullen korona, sai ga dokar hana fita ta awa 24 a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Kauru. A 2023 cuta ta cinye gonakin citta, wadda da kuɗinta samari da yawa ke sayen babur ko biyan makaranta. Garin da jirgin ƙasa ya raya tun 1927, Fantswam da Bajju da Hausawa da Ibo suna cuɗanya a tasha, yau yaro kan yi lissafin unguwa kafin ya kai wa aboki ziyara da yamma. Mu manya ne muka riƙa ce musu su zauna a gida, don tsoro, kuma tsoronmu na da dalili. Sun zauna. Wayar ta zo ta tarar da su a zaune ne.

Ban wanke wayar tas ba. Tana cin barci, tana kuma nuna masa tsaransa cikin motoci a TikTok har ya ga kamar shi kaɗai aka bari a baya. Amma in kin ƙwace ta yau, kin toshe tagar da ta rage masa.

Ki shiga ɗakin da abincin da kanki, ki zauna, ki ce ya nuna miki abin da yake kallo. Kada ki ta da zancen aiki ranar. Ki tambaye shi wa ya fi burge shi a cikin labarin, ki saurara sosai, don matashi kan faɗi ciwonsa da bakin ɗan wasa. Bayan haka ki ɗora masa abin da dole ya fita, kamar kai ƙanwarsa makaranta, ko koya wa yaran maƙwabta karatu tunda malanta ya karanta. Ki nemi abokinsa guda na da, ya zo ya ja shi gidan kallon ƙwallo ranar Asabar.

In kuwa kin ga ya daina cin abinci ko wanka, ba ya barci, ko ya soma cewa gara ya mutu, to a haɗa addu'a da likita ba tare da jinkiri ba. A fara da babban asibitin Kafanchan, in ta kama za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ki raka shi da ƙafarki, kada ki aika shi shi kaɗai.