Me Ya Sa Jitar Lantarki Ke Saurin Kwancewa a Maraɗi?

Wani mutum daga Tibiri, wanda yake kiɗan biki tsakanin Maraɗi da Jiratawa, ya tambayi dalilin da ya sa jitarsa take kwancewa tun kafin a kai tsakiyar wasa.

Amsar tana cikin katako da ƙarfe. Wuyan jita itace ne, wanda yake bushewa da hunturu ya kuma sha laima da damina, yayin da tsirkiyoyi shida na ƙarfe suke saki idan rana ta buge su, musamman sababbi waɗanda ba a ja su da hannu ba bayan ɗaurawa. Mizanin da makaɗa suke bi shi ne sautin "la" mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, kuma ana isa gare shi ne ta hanyar ɗaure tsirkiya daga ƙasa zuwa sama, domin wadda aka sassauta takan zame.

Wannan matsala ba ta bar manya ba. Jimi Hendrix na Amurka, wanda ya rasu a 1970, kuma ake yawan kwatanta Mdou Moctar na Nijar da shi, yakan tsaya tsakanin waƙoƙi ya sake saita jitarsa ƙirar Fender Stratocaster, saboda sandar lanƙwasa sauti da yake ja da ƙarfi tana karkatar da tsirkiyoyin.