Darasi a Kan Fara'a: Mazauninta Zuciya, Fuska Shaida Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, akwai abubuwa uku da muke cakuɗawa a magana: farin ciki, da murmushi, da fara'a. Farin ciki yana da dalili, kuma yakan zo ya wuce: an yi maka haihuwa, ko damina ta yi kyau rumbu ya cika. Murmushi motsin leɓe ne, kowa na iya yinsa. Ita kuwa fara'a, wadda Larabawa ke kira bishru ko bashasha, sakewar zuciya ce da ke sa mutum ya karɓi wanda ya zo masa ba tare da ya ji nauyinsa ba. Tana iya zama a zuciyar wanda ya kwana da yunwa, ta ƙaurace wa mai dukiya.

Ba kowane murmushi ne fara'a ba. Ku dubi ƙissar Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira, kuma ba shi da uzuri. Da ya je gaida Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a masallaci, Annabi ya yi masa murmushi, amma Ka'abu ya gane murmushi ne na wanda aka ɓata wa rai. Bayan kwana 50, da Allah Ya karɓi tubarsa, ya koma ya tarar fuskar nan tana haske kamar yankin wata. Fuska ɗaya ce, abin da ke cikin zuciya ne ya bambanta. Wani likita a Faransa mai suna Dushen ya bayyana a shekarar 1862 cewa murmushin gaskiya yakan motsa naman da ke kewaye da ido, na dole kuwa a baki yake tsayawa. Tsofaffinmu ba su karanta shi ba, amma sun san yaƙe, sun kuma ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin saukar farkon Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum ya zo neman ilimi a lokacin da Annabi yake kiran manyan Ƙuraishawa zuwa ga Musulunci. Annabi ya ɗaure fuska, ya juya. To, ku lura: Abdullahi makaho ne. Bai ga ɗaurewar fuskar ba, da wuya ma ya san an yi ta. Duk da haka Allah Ya yi wa fiyayyen halitta gyara, ayoyin kuma muna karanta su a cikin salla har yau. Da fara'a ado ce da ake yi don idon mutane, da babu abin gyara a nan. Ashe ana tambayar bawa yadda zuciyarsa ta karɓi ɗan'uwansa, ko ɗan'uwan ya gani ko bai gani ba.

Sai kowa ya auna kansa da wannan. Ga ɗan kasuwa da ke washe baki ga mai saye tun safe har la'asar, da ya taka zauren gidansa sai ya murtuke, yara su watse, uwargida ta yi shiru. Wannan ba fara'a gare shi ba, ciniki yake yi. Mu ma malamai, kada mu tsame kanmu. Akwai masu zaton ɗaure fuska shi ne kwarjini ko tsoron Allah, har mace mai tambaya a kan jinin haila ko almajiri mai tambaya a kan alwala su fasa, su ci gaba da ibada cikin jahilci. Alhali Jariru ɗan Abdullahi ya ba da labarin cewa tun da ya musulunta Annabi bai taɓa ganinsa ba face ya yi masa murmushi. Abdullahi ɗan Mubarak kuma, da ya fassara kyakkyawan hali, da sakin fuska ya fara, kafin kyauta da kame cuta.

Kada kuma a ɗauka fara'a ita ce ƙyalƙyala dariya. Nana A'isha ta ce ba ta taɓa ganin Annabi ya cika baki da dariya har a hango beli ba, murmushi dai yake yi.

Saura mas'ala ɗaya da ake yawan kawo mini. Mutum mai fara'a ne a da, sai a ga ya yi makonni ba walwala, barci ya gagara, abinci bai shiga, babu abin da ke faranta masa. Kada a yi gaggawar ce masa imaninsa ya yi rauni. Sau da yawa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. A zauna da shi, a yi masa addu'a, a kuma raka shi wurin likita.