Rage Ƙara Tsakanin Mai Gida da Ɗan Haya: Darasi ga Masu Zuba Jari a Gidaje

A biranen Kanada da Amurka, musamman Toronto da New York, masu gidaje da dama kan mayar da ɓangaren gidansu na ƙarƙashin ƙasa wurin haya, domin kuɗin hayar ya taimaka musu wajen biyan bashin banki. Babbar matsalar wannan jari kuwa ita ce ƙara, saboda yawancin gidajen da katako ake yi musu daɓe, ta yadda duk takun mai gida yana sauka a kan ɗan haya.

Masana sun kasa ƙarar gida biyu. Akwai wadda iska ke ɗauka, kamar magana da sautin talabijin. Akwai kuma wadda ke bin jikin ginin, kamar taku da jan kujera. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko nauyi ke tare ta, don haka ake cusa audugar gilashi tsakanin katakai, a ninka allon silin biyu, sannan a toshe kowace kafa, har da ta bututun iska da gurbin fitila. Ta biyu kuwa sai an raba silin da katakon sama, a rataye shi a kan siraran ƙarafa masu lanƙwasa. A nan ne kafintoci suka fi ɓata aiki: kusa ɗaya da ta zarce ta shiga katakon tana iya mayar da ƙarar. Dokar gini da yawancin jihohin Amurka ke bi ta gindaya maki 50 a ma'aunin kowace irin ƙara tsakanin gidaje biyu.

Ta fuskar lissafi, idan ɗan haya ya tashi wurin ya zauna wata guda babu kowa, mai gida ya yi asarar fiye da kashi 8 cikin 100 na hayar shekara. Aikin kuma ya fi araha kafin a rufe silin.

A Nijeriya ɗakin ƙarƙashin ƙasa bai yawaita ba, amma masu benaye a Legas da Abuja na da abin ɗauka. Kankare yana tare magana sosai, sai dai da aka ɗora masa tayil, taku da dakan turmi kan ratsa shi kai-tsaye. Shimfiɗa kafet mai kauri da soso a ƙarƙashinsa shi ne mataki mafi sauƙin kuɗi.