Ba Kowace Faɗuwar Gaba Ce "Fear" Ba

A zangon karatu na biyu mun ba 'yan aji shida aikin rubutu da Turanci: kowa ya ba da labarin ranar da ya fara tsayawa gaban jama'a ya yi magana. Da muka zauna duba takardu, sai muka tarar kusan duka bakinsu ɗaya. Wanda ya karanta nassi a sujada ya rubuta "I was afraid." Wadda ta wakilci ajinsu a muhawara, ita ma "I was afraid." Wasu ma Turancin kasuwa suka ɗauko, wai "fear catch me."

Abin mamaki shi ne, yaran nan ba sa yin haka da Hausa. A tashar Television kaɗai, in mutum ya kasa kunne zai ji fargaba, da zullumi, da ɗari-ɗari, da takura, da kunya, kowace a gurbinta. To, Turanci ma haka yake. Shawararmu ita ce, kafin ka rubuta, tambayi kanka da wace kalma za ka faɗi abin da Hausa, sa'an nan ka nemi 'yar'uwarta.

Bari mu fara da "nervous". Ita ce ta safiyar jarrabawa: hannu na rawa, baki ya bushe, tafin hannu na gumi, alhali ba wani abin cutarwa a gabanka. Daga "nerve" ta fito, wato jijiya. "Afraid" kuwa sai akwai abin tsoro, kamar maciji ko ɗan fashi. Ɗalibi yana "afraid of" kare, amma yana "nervous about" jarrabawa. Ku lura da ƙananan kalmomin nan masu bin su, domin a nan ake yawan asarar maki.

"Worried" da "anxious" su ne damuwa da zullumi, irin na uwar da ɗanta ya tafi Kasuwar Barci tun safe, har magariba bai dawo ba. Sai dai "anxious" tana da fuska biyu. "Anxious about the result" zullumin sakamako ne, amma "anxious to see you" ɗokin ganinka ne. Mai tsara tambayoyin WAEC yana son irin wannan tarko, musamman a sashen neman kalma mafi kusa da ma'ana. Hukumar nan tun 1952 take, ta daɗe da sanin inda ƙafarmu ke zamewa.

Akwai kuma "uneasy". Ita ce sa'ad da hankalinka bai kwanta ba, amma ba ka iya nuna dalili da yatsa.

Yanzu sai babbar matsalar, wato kunya. Mu kalma ɗaya muke da ita, Bature kuwa ya raba ta uku, kuma ukun ba sa cin abinci a kwano ɗaya. "Shy" hali ne: yaron da ba ya sakin jiki da baƙi. "Embarrassed" kunyar ɗan lokaci ce, kamar ka yi tuntuɓe a gaban taro, ko ka kira baƙo da sunan wani. "Ashamed" kuwa kunyar laifi ce, ta wanda ya aikata abin da bai kamata ba, lamirinsa kuma yana kāshe shi.

Wata tsohuwar ɗalibarmu ta je ganawa don neman aiki a wani kamfani. Tana zaune kanta a sunkuye, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita a gida. Ɗaya daga cikin masu ganawar ya tambaye ta dalilin da ya sa ba ta ɗago kai. Ta ce, "I am ashamed, sir." Sai mutumin ya ajiye biro ya ce, "Of what?" Ita nufinta girmamawa, shi kuwa ya ji kamar tana shirin furta wani laifi. Da ta ce "I am a little nervous, sir," da murmushi kawai zai yi su ci gaba. Da ta zo tana ba mu labari, mu ne muka ji nauyi, domin a ajinmu ta zauna shekara uku.

A ganinmu, irin kunyar da amarya ke yi wa surukanta ba ta da kalma guda a Turanci. "Modest" da "respectful" sun matso kusa, amma ba su kai ba. Kada dai a fassara ta da "shame".

Wani abu game da "embarrass": a ƙasar nan mukan ce ɗan sanda ya yi "embarrassing" ɗinmu, muna nufin ya ci mana mutunci. A daidaitaccen Turanci wannan "humiliate" ne ko "harass". Wajen rubutu kuma "r" biyu ne da "s" biyu. Haka nan "I am embarrassed" daban take da "I am embarrassing". Ta farko kai ne ka ji kunya, ta biyu kai ne abin kunyar.

"Uncomfortable" ta jiki ce, ta rai ce kuma. In an cusa ku huɗu-huɗu a motar Kafanchan, buhu a kan cinyarka, kana "uncomfortable". In manya suna faɗa a gabanka, nan ma haka. Yanayin da kowa ya rasa abin faɗi kuwa "awkward" ne. A asibiti bambancin nan ba wasa ba ne. In likita ya tambaya "pain or discomfort?", yana so ya san ko ciwo ne sosai ko kuwa rashin jin daɗi kawai. Iyayenmu da yawa 'ya'yansu ne ke yi musu tafinta, saboda haka mai ciwon ƙirji kada a ce masa "discomfort" don kara.

Salon magana shi ma kada a juye shi kai tsaye. Mun taɓa ganin "my front fell" a takardar wani, yana nufin gabana ya faɗi. Bature zai ce "my heart sank" in labarin mara daɗi ne, ko "my heart skipped a beat" in razana ce. Mai fargaba kafin hawa dandali yakan ce yana da "butterflies in my stomach", wato malam-buɗe-littafi na shawagi a cikinsa. "Cold feet" kuwa ba ita ce jikina ya yi sanyi ba. Ana faɗinta ga wanda ya ja da baya daf da abin da ya yi niyya, kamar angon da ya fara kame-kame ana gobe ɗaurin aure.

Ga aikin hutu. Kowane ɗalibi ya zauna da wani babba a gida, ya roƙe shi labarin ranar da ya fara sauka Kaduna daga ƙauye. Ya rubuta kalmomin da babban ya yi amfani da su, da Hausa ko da harshen gida, sa'an nan ya mai da labarin Turanci cikin shafi ɗaya. An yarda a sa "afraid" sau ɗaya tak. Za mu karɓa a makon farko na komawa makaranta.