Bizar Umara Ba Ta Kai Mutum Arfa

Shekara 11 ke nan ina shirya wa mutane tafiya ƙasashen waje a nan Kano, kuma kusan duk wanda ya shigo ofishinmu da magana ɗaya yake farawa: "Alhaji, biza nake so." In na tambaye shi wace iri, sai ya ce ai biza biza ce. To, daga nan ake fara ɓata. Kowace biza izini ce na yin abu guda, tana da kwanakinta, tana da abin da ta hana.

Bari in fara da Saudiyya, don can ne mutanenmu suka fi yin asara. Bizar Umara daban, ta ziyara daban, ta aiki daban, ta Hajji kuma daban. Ta Hajji tana fitowa ne ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ko dai ta hukumomin alhazai na jihohi ko ta kamfanonin jirgin yawo masu lasisi. Duk wanda ya ce maka ka shiga da bizar ziyara ka laɓe a Makka har ranar Arfa, wallahi ba masoyinka ba ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura maki 50, mutum fiye da 1,300 suka rasu, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji. Dalilin a fili yake: wanda ba shi da izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da motar da za ta ɗauke shi, ga tsoron jami'an tsaro ya hana shi neman taimako ko da jiri ya kwashe shi. A 2025 tarar yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, ga kora, ga hana shiga ƙasar na shekara 10.

Akwai wata dattijuwa da ta zo mini, har yau tana raina. Ta sayar da gonar gado ta ba wani ejan kuɗi, ya ce zai kai 'yarta aikatau Jidda. Da ta nuna mini hoton takardar a waya, sai na ga bizar Umara ce. Na ce, "Hajiya, wannan ba ta aiki ba ce." Ta ce, "Ɗana, ai ya ce in ta isa za a juya mata." Yarinyar ta riga ta tafi. Kwanakin bizar suka ƙare, ta koma zaman takari: ba igama (katin izinin zama), ba kafilin da hukuma ta sani, in uwar ɗaki ta hana ta albashi ba inda za ta kai ƙara. Bizar aiki ta gaskiya tun daga gida ake ganin sunan mai ɗaukar aikin da irin aikin, a kuma sa hannu a kwantiragi kafin a hau jirgi.

Ingila ma haka abin yake. Bizar ziyara tana ba da zama har wata 6, amma ba a kama aiki da ita, ko da a shagon ɗan'uwanka ne. Ɗalibin digiri an yarje masa awa 20 a mako lokacin karatu. Wanda kuma aka kama da takardar banki ta jabu, zai iya shan shekara 10 ba a ba shi biza ba. Wannan na ƙarshe na fi jin takaicinsa, don sau da yawa mai neman bai ma san an cusa masa takardar bogi a fayil ba. Ka karanta duk abin da aka cike da sunanka kafin a tura.

Bizar Shengen ta gajeren zama tana shigar da kai ƙasashen Turai 29, kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nemanta. Abin da 'yan kasuwa kan manta shi ne bizar yada zango. Mai fasfon Najeriya ko Gana da zai canja jirgi a Faris ko Frankfurt yana bukatarta ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana da wata bizar da ta ɗauke masa, kamar ta Amurka ko Kanada. Na taɓa ganin an mayar da mutum daga kan layi saboda wannan, tikitinsa a hannu.

In fasfonka ya dawo, kafin ka kira gida ka yi albishir, duba abu uku a jikin bizar: ranar da take ƙarewa, sau nawa za a shiga da ita, da kwana nawa aka yarda ka zauna. Na farko da na uku ba ɗaya ba ne. A Amurka ma jami'in shige da fice na filin jirgi ne yake yanke tsawon zamanka, kuma wanda ya zarce da fiye da kwana 180 ya fita, shekara 3 ba zai koma ba. In zarcewar ta kai shekara guda, shekara 10 ce.