Daga Garu Zuwa Limawa: Yadda Ake Karanta Tarihin Unguwa

'Yan uwana ɗalibai, a daminar bara wani tsohon zaure ya rushe a lungun da nake haya a Limawa. Kafin wata biyu an jera bulo a wurin, an ɗora kwano. Na tambayi dattijon da ke zama a ƙofar masallaci, "Baba, wa ya gina zauren nan?" Ya ce, "Ɗana, wanda ya san wannan ai mun kai shi makwancinsa." Tun ranar nake tunanin yadda tarihin unguwa ke salwanta ba a sani ba. Ga abubuwa uku da na koya.

Na farko, dubi inda aka kafa unguwar. Garu, inda fadar Sarkin Dutse take, tana tsakanin duwatsu ne, don kakanninmu sun nemi wurin da mahara ba za su afka musu cikin sauƙi ba. Turawan mulkin mallaka ma sun so tudu, amma su sauro suke gudu. Bayan Ronald Ross ya gano a 1897 cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, sai Ingilishi suka gina wa ma'aikatansu unguwar Hill Station a kan tsaunin birnin Firitawun na Saliyo, har da jirgin ƙasa mai hawa da su daga 1904. A Najeriya kuma, zamanin Lugga, aka tsara a bar filin yadi 440 babu gini tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa. Shi ya sa a Kano, wadda suka ci a 1903, suka tare a Nasarawa da Bompai, can wajen ganuwa. Ka ga dai hawa tudun ɗaya ne, abin tsoron ne ya bambanta.

Na biyu, saurari sunan. Garu na nufin katangar da ta kewaye wuri. Limawa kuwa, ko ba a faɗa maka ba, ka ji liman a ciki. To kwatanta su da sunayen da suka zo bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991: Gida Dubu lissafin gidaje ne kawai, titin Ibrahim Aliyu kuma sunan gwamnan soja ne da ya riƙe jihar daga 1993 zuwa 1996. Tsohon suna yana gaya maka su wa suka zauna, sabo yana gaya maka wace gwamnati ta gina.

Na uku, karanta ginin kansa. Tubali ne ko bulo? Rufin azara ne ko kwano? Akwai zanko a saman soro? Indararon katako ne ko na ƙarfe? An shafe bangon da makuba ko siminti? Kaurin katanga da faɗin zaure suna nuna matsayin mai gidan da yawan baƙin da yake karɓa. Wanda ya taɓa shiga Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hans Bisa ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ya san ginin ƙasa yana daɗewa matuƙar ana yi masa yaɓe.

Ga inda gizo ke saƙar. Gidajen Turawa suna da taswira da fayil, ana iya nemo su a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna. A zamanin nan Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano, gidajen talakawanta kuwa ba kowa ya damu ya rubuta labarinsu ba. Fayil ɗinsu yana cikin kan tsofaffi ne.

Don haka ga aikin gida, musamman ga 'yan sashen zanen gini da injiniya. Kowa ya zaɓi lungu ɗaya. Ka fara gaida mai unguwa, ka nemi izini. Ka auna zaure, ka ɗauki hoto da wayarka, ka naɗi muryar dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya, domin mata sun fi riƙe labarin cikin gida. Ka rubuta kwanan wata, ka miƙa kwafi ga laburaren makaranta. A yi shi kafin ruwan bana ya sauka.