Likita Cikin Rigar Nas: Darasi Daga Ƙasar Filifin

A 'yan shekarun nan akan ji wata shawara na yawo a tsakanin matasan likitoci da iyayen da suka kashe dukiya wajen karatunsu, watau wai likitan da hanyar yin aikinsa a Amurka ko Ingila ta toshe masa sai ya shiga da sunan nas, tun da yake ƙasashen nan biyu suna neman ma'aikatan jiyya ruwa a jallo. Dillalai kuwa sukan ƙara wa maganar gishiri, su ce ai wanda ya karanta likita, jarrabawar nas ba komai ba ce a wurinsa. An shirya wannan darasi ne domin a bayyana wa jama'a yadda sha'anin yake a doka, da kuma abin da ya sami mutanen Filifin, waɗanda suka yi fice wajen bin wannan hanya.

Abin da ke jawo hankalin likita

Likitan da ya yi karatu a wajen Amurka, in yana son ya duba marasa lafiya a can, tilas ne ya ci jarrabawar da ake kira USMLE mai hawa uku, ya kuma sami shaidar hukumar ECFMG mai tantance likitocin ƙasashen waje. Bayan wannan, a yawancin jihohi sai ya sake zaman koyon aiki a asibiti na shekara uku ko fiye, ko da kuwa ya daɗe yana fiɗa a ƙasarsu. Guraben koyon aikin nan ba su isa masu nema ba, saboda haka a kowace shekara dubban waɗanda suka ci jarrabawa sukan tashi a tutar babu.

Aikin jiyya kuwa matsayinsa dabam ne. Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta sanya shi cikin jerin sana'o'in da ta yarda akwai ƙarancin masu yin su, don haka asibitin da ke son ɗauko nas daga waje ba sai ya fara tabbatar da cewa ya nemi ɗan ƙasa ya rasa ba. Bizar da ake nema wa nas ɗin ta zaman dindindin ce, kuma tana haɗawa da matar aure ko miji da ƙananan yara. Wannan shi ne abin da likitocin Filifin suka hanga.

Yadda aka yi a Filifin

Daga wajen shekarar 2000 dubban likitocin ƙasar suka koma aji domin neman digirin jiyya. Makarantu suka buɗe musu kwasa-kwasai na musamman, na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, waɗansu ma a ranakun Asabar da Lahadi ake yin su, don likita ya ci gaba da aikinsa a sauran ranaku. A cikinsu har da ƙwararru masu furfura. A shekarar 2004 saurayin da ya zo na ɗaya a jarrabawar likitoci ta ƙasa baki ɗaya ya bayyana cewa aikin nas za shi yi a Amurka, aka yi ta cece-ku-ce a jaridun Manila, waɗansu na kiransa butulu, waɗansu na cewa laifin ƙarancin albashi ne. Asibitocin ƙauyuka da yawa suka wayi gari ba likita.

Mai karatu ya lura da abu guda a nan: duk da ilminsu, ba a yafe wa likitocin nan komawa makaranta ba. Dalili kuwa shi ne jiyya sana'a ce mai zaman kanta, da manhajarta, da hukumarta, da rajistarta. Aikin likita shi ne gano cuta da yanke maganinta. Nas kuwa shi ke tsaye a kan majiyyaci dare da rana, yana auna shi, yana ba shi magani a kan lokaci, yana juya shi kada gyambon kwanciya ya kama shi, yana kuma lura da ƙaramin canjin da zai sa a kira likita. Hukumomin jiyya na jihohin Amurka sukan duba takardun mai nema darasi bayan darasi, su ƙirga sa'o'in da ya yi a aji da a ɗakin majiyyata a fannin jiyyar manya, da yara, da masu haihuwa, da masu taɓin hankali. Sa'o'in makarantar likita ba sa maye gurbin waɗannan. Haka abin yake a ƙasan nan: wanda sunansa ke rajistar Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ba ya cikin rajistar Hukumar Ma'aikatan Jiyya da Ungozoma har sai ya yi karatun jiyya ya ci jarrabawarta.

Bayan digiri, sai jarrabawar NCLEX wadda ake yi a kwamfuta, tambaya 85 zuwa 150 cikin awa biyar. Daga nan, dokar shige da fice ta 1996 ta wajabta wa ma'aikacin jiyya baƙo ya sami takardar tantancewa kafin a ba shi biza, kuma hukumar da ta fi shahara da bayar da ita ita ce wadda a da ake kira CGFNS, da ke Filadelfiya, wadda aka kafa a 1977.

Inda gizo ya yi saƙa

Lasisin aiki jiha ke bayar da shi, amma biza ta Gwamnatin Tarayyar Amurka ce, kuma samun ɗaya ba ya tilasta a ba mutum ɗayar. Bizar zaman dindindin ta ma'aikata 140,000 ce a shekara ga duniya duka, kuma doka ta ƙayyade rabon 'yan kowace ƙasa a kan kashi 7 cikin ɗari. A shekarar 2005 majalisar dokokin Amurka ta ware ƙarin biza 50,000 domin ma'aikatan jiyya da makamantansu. Kafin ƙarshen 2006 sun ƙare ƙaƙaf. Daga nan layin 'yan Filifin ya tsaya, jiran da a da ake yi na watanni ya koma na shekaru.

A lokacin kuwa makarantun jiyya a ƙasar sun haura 400. Dubun dubatar matasa suka fito da takarda ba aiki, har ta kai waɗansu na biyan asibiti kuɗi don a bar su su yi aikin sa kai, su sami shaidar gogewa. Likitan da ya saki aikinsa ya kama layin nan, sai ya zama bai ga tsuntsu ba bai ga tarko ba. Daɗin daɗawa, a watan Yuni na 2006 aka sami satar amsa a jarrabawar nas ta ƙasar, sai CGFNS ta ce duk wanda ya ci a wannan zama sai ya sake waɗansu takardu kafin ta tantance shi, mai laifi da marar laifi.

Waɗanda suka tsallaka ma ba duka suka huta ba. Kamfanonin ɗaukar ma'aikata sukan ɗaure nas da yarjejeniyar shekara biyu ko uku, tare da tara mai nauyi in ya bar aiki kafin wa'adi. A 2006 waɗansu nas-nas 'yan Filifin suka ajiye aiki a gidajen kula da majiyyata na jihar Niyu Yok saboda ƙorafi a kan albashi da yanayin aiki. Aka gurfanar da goma daga cikinsu bisa zargin jefa majiyyata cikin haɗari, har da saurayin nan da ya zo na ɗaya, kuma sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta hana ci gaba da shari'ar.

Abin da ya shafi 'yan Nijeriya

Ƙofar biza tana iya rufuwa saboda dalilin da bai shafi asibiti ba ko kaɗan. A farkon 2020 Amurka ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar zaman dindindin, aka ɗage a Janairun 2021, sa'an nan a Disambar 2025 aka sake sanya ƙasan nan cikin waɗanda aka taƙaita wa biza. Lalle ne mai niyya ya bincika halin da ake ciki a ofishin jakadanci kafin ya biya kowa ko kwabo.

Game da Ingila, likita ba ya bukatar rigar nas, domin Hukumar Likitocin ƙasar tana da jarrabawarta mai suna PLAB ga baƙi. Hukumar jiyyarsu kuwa ba ta karɓar kowa sai mai takardar jiyya, wanda zai ci jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwajin aiki da hannu a can Ingila. Har ila yau, Nijeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka ƙa'idar Ingila ta hana asibitocinta da wakilansu zuwa farautar ma'aikata a nan, ko da yake mutum na iya neman aiki da kansa kai tsaye. Duk dillalin da ya ce asibitin gwamnatin Ingila ne ya aiko shi, to, a yi hattara da shi. Hanyar shiga da sunan mai kula da tsofaffi, wadda waɗansu masu digiri suka bi, an rufe ta ga masu nema daga waje a Yulin 2025.

Batun takardar jabu kuwa ya riga ya jawo wa mutane da yawa asara. A Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo waɗansu makarantu a jihar Fulorida da suka sayar da takardun jiyya fiye da 7,600 ga waɗanda ba su zauna aji ba, jihohi kuma suka bi masu su suna soke lasisi. A wannan shekarar ce kuma hukumar jiyya ta Ingila ta soke sakamakon wata cibiyar jarrabawa a Ibadan saboda maguɗi, abin da ya tilasta wa masu gaskiya ma sake zama.

Akwai kuma masu cewa za su yi aikin nas na ɗan lokaci ne, su tara kuɗi, kana su koma likitanci a can. Irin waɗannan ya kamata su sani cewa asibitocin Amurka da yawa masu ba da gurbin koyon aiki sun fi son wanda bai daɗe da gama makarantar likita ba, waɗansu ma sukan ƙayyade shekara biyar. Nas kuwa, ko da digirin likita a akwatinsa, ba shi da ikon yanke cuta ko rubuta magani da sunan likita, kuma in ya ƙetare iyakar lasisinsa hukumar jiha na iya karɓe shi. Shekarun da ya yi a bakin gadon majiyyaci ba za a ƙirga masa su a matsayin aikin likita ba ran da ya nemi gurbin.